Fashin Baƙi: Allurar Sakin Linzamin Garkuwar Jiki da Mai Ɗauke da HIV

Shin allurar nan ta sankara da ake cewa tana “tada garkuwar jiki” za ta iya raba mutum da ƙwayar HIV, ya huta da haɗiyar magani kullum? Tambayar da ke yawo ke nan tun da labarin gwaje-gwajen da ake yi a Amurka da Turai ya fara faɗowa cikin wayoyin mutane, kowa na turawa gaba da nasa ƙarin gishirin. Wani ya ce an gano maganin ƙanjamau, ɓoye mana ake yi. Wani ya ce ai ba sabon abu ba ne, abin da masu magani ke faɗa ta lasifika a bakin Babbar Kasuwa da tashar mota ke nan tun tuni: “Wanga magani shina tada garkuwar jiki, cuta ta gudu da kanta.”

Allurar gaskiya ce. Ta zama sanadin tsawon kwanan masu sankara da yawa, ana kuma gwada ta a kan HIV. Amma har yau babu hukumar kula da magunguna ko ɗaya a duniya da ta amince da ita a matsayin maganin HIV, kuma sau biyu ana dakatar da gwajinta a kan masu HIV da ba su da sankara. Dalilin hakan yana cikin yadda cutar ke cin jiki, wanda yawancinmu rabinsa kawai muka sani.

Garkuwa ce ko runduna?

Da Hausa muna cewa “cuta mai karya garkuwar jiki”. Sunan ya zauna, amma akwai tarko a cikinsa. Garkuwa fata ce da mayaƙi ke riƙewa: ko ta yi kauri ta tare kibiya, ko ta ruɓe kibiya ta wuce. Duk wanda ya riƙe wannan siffa a ransa zai ga mafita a fili, wato a ƙara wa fatar kauri. Daga nan kasuwar “maganin ƙara garkuwa” ta samu gindin zama.

Abin da ke cikin jiki ya fi kama da runduna mai rai, wadda ke tashi, ta yi yaƙi, ta koma gida ta kwanta. Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai sojoji iri biyu da suka shafi zancenmu. Na farko su ne CD4, masu kaɗa gangar yaƙi da rarraba aiki. Na biyu CD8, masu kai sara: su ke gano duk wata ƙwayar halitta da cuta ta shige cikinta, su kashe ta da abin da ke ciki. HIV cikin CD4 take shiga ta hayayyafa. Mai lafiya yana da CD4 tsakanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗan ɗigon jinin da bai kai ƙwayar gero ba. Idan suka gaza 200, an shiga matakin da ake kira ƙanjamau.

Wani abu ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Idan aka ɗebi jinin wanda ya yi shekara da shekaru da cutar, CD4 ɗin da ƙwayar ta shiga cikinsu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To me ke kashe sauran? Me ya sa kuma CD8, waɗanda ba gidan ƙwayar ba ne, su ma suke lalacewa? A shekarun 1990 wata masaniya a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, Janis Giorgi, ta bi diddigin wata alama mai suna CD38 da ke fitowa a jikin CD8 idan suna cikin shirin yaƙi. Ta nuna cewa yawan wannan alama yana nuna wanda zai riga faɗawa cikin ƙanjamau, a wasu marasa lafiyar ma fiye da yadda yawan ƙwayar a jini ke nunawa. Jikin da rundunarsa ta fi tashi shi ya fi saurin ƙarewa.

Wannan shi ne tashin garkuwa marar kwanciya. A ɗauka gari ne aka kaɗa wa gangar yaƙi, makaɗi ya ƙi dainawa har shekara goma. Babu mai zuwa gona, babu mai barci, samari na fita suna salwanta a kan jita-jita, ana turo ƙanana da ba su gama koyon riƙon takobi ba. Haka yake a jiki. Sojan da aka tasa ba ya daɗewa, yakan mutu bayan ɗan lokaci ko da bai yi arba da maƙiyi ba. CD4 ɗin da ke a tashe kuma shi HIV ta fi so, a cikinsa ta fi saurin hayayyafa, don haka duk ƙarin tashi ƙarin abinci ne gare ta. Su kuma ƙululun nan da ke kumbura su zama kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi, inda sababbin sojoji ke zama su sami horo, sukan yi tabo su taurare har su kasa riƙon sababbi.

Jikin da ke cikin wannan hali kwanciya yake nema, mai lasifika kuma ganga yake talla.

Inda bango ya tsage

Wa ke kaɗa gangar? Ita ƙwayar da kanta tana ciki, amma ba ita kaɗai ba. Babban sansanin CD4 a bangon hanji yake, domin a nan jiki ke zaune da tarin bakteriya marasa ƙirguwa dare da rana. A 1998 aka gani a jikin birai, a 2004 aka tabbatar a jikin mutane, cewa tun a makonnin farko na kamuwa ƙwayar kan share mafi yawan CD4 na bangon hanji. A lokacin mutum bai san komai ba. Wataƙila ya yi masassara da ciwon maƙogwaro, ya je kemis ya sayi maganin zazzaɓin sauro, ya ji sauƙi, ya koma harkarsa.

Cikin waɗanda aka share akwai wani rukuni mai suna Th17, wanda aikinsa kula da yaɓen bangon hanji ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓurɓushin bakteriyar hanji ya riƙa tsiyaya cikin jini kaɗan-kaɗan, bai kai ya kwantar da mutum ba, amma ya isa ya hana runduna zama. A 2006 Jason Brenchley da Daniel Douek na Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa a Amurka suka auna wani sinadari na ɓawon bakteriya mai suna LPS a jinin masu HIV. Suka iske ya fi na sauran mutane yawa, kuma gwargwadon yawansa gwargwadon tashin garkuwar.

A wajenmu makaɗan sun fi haka yawa. Akwai wata ƙwaya mai suna CMV wadda kusan kowane babba a Afirka ya ɗauka tun yana yaro, tana kwance ba ta damun mai lafiya, amma tana cinye kaso mai tsoka na hankalin CD8. Akwai zazzaɓin cizon sauro, wanda Sakkwato da Kebbi da Zamfara ke cikin jihohin da ya fi addaba a ƙasar nan, kuma binciken da aka yi a Malawi ya nuna cewa idan ya kama mai HIV da ba ya kan magani, yawan ƙwayar a jininsa kan hau ya yi makonni kafin ya sauko. Akwai tsargiya ga masu shiga ruwa a fadamun Rima da kewayen dam ɗin Goronyo, akwai tsutsar ciki, akwai tarin fuka da ciwon hanta. Manomin shinkafa a Wurno mai ɗauke da HIV da ma'aikacin banki a birnin Landan mai ɗauke da ita, ba gangar da rundunarsu ke ji ɗaya ba ce.

Maganin ARV, wato ƙwayoyin danne HIV da ake haɗiya kullum, yana sauko da wannan tashi ƙwarai. Sai dai ga wanda ya makara bai fara da wuri ba, bangon hanji ba ya komawa daidai gaba ɗaya, akan bar wani ɗan rushi yana ci a ƙarƙashin toka. Shi ake ganin yana da hannu wajen yadda ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda suka fi kama masu HIV, ko da ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini.

Darasi daga birin kirka

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan magana daga dawa ta fito. Fiye da nau'i 40 na biran Afirka suna ɗauke da ƴar'uwar HIV da ake kira SIV. Daga cimfanzi na kudu maso gabashin Kamaru HIV-1 ta tsallako wa ɗan Adam, HIV-2 kuma daga wani biri mai launin toka na dazukan Afirka ta Yamma da ake kira mangabe. Kirka, wanda manoman ƙasar nan suka sani da ɓarnar gona, shi ma yana da irin tasa.

Kirka da mangabe suna rayuwa da ƙwayar cike da jininsu, yawan da idan mutum ne sai a ce ya kusa, amma da wuya su yi ƙanjamau. Idan aka ɗauki ƙwayar da asalinta ta mangabe ce aka sa wa wani birin Asiya mai suna makak, cikin shekara ɗaya zuwa biyu ya rame ya mutu, shi ya sa da shi ake yawancin gwaje-gwajen. A 2009 masu bincike suka kwatanta su tun daga ranar kamuwa. Dukansu rundunarsu kan tashi da ƙarfi a farko. Ta biran Afirka takan kwanta bayan ƴan makonni, bangon hanjinsu bai tsage ba, Th17 ɗinsu na nan. Ta makak kuwa ba ta sake kwanciya har ya mutu. Biran namu ba su fi ƙarfin ƙwayar ba, zama da ita suka iya.

Mene ne linzamin?

Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa ranar hawan Sallah ya san ba gudun doki ke burge mutane ba kamar tsayuwarsa cak a gaban Sarki. Sojojin jiki ma an halicce su da linzami. Wasu ƴan maɗaukai ne a jikinsu, idan aka taɓa su sai soja ya ja da baya. Sunan da masana suka ba su da Turanci yana nufin shingen bincike, irin wanda direban Illela ya sani sarai, amma a ganina linzami ya fi dacewa, don a jikin dokin yake, ba a kan hanya ba.

Biyu ne suka yi suna. CTLA-4, wanda aka gano a Faransa a 1987, yana hana soja tashi tun daga gida. PD-1, wanda ɗakin binciken Tasuku Honjo a Kyoto ta ƙasar Japan ya gano a 1992, yana tsayar da shi a fagen fama, idan wani sinadari mai suna PD-L1 ya kama shi. Don a san muhimmancinsu: a 1995 aka samar da ɓerayen da ba su da CTLA-4 sam, suka mutu cikin mako uku zuwa huɗu da haihuwa, rundunarsu ce ta cinye musu zuciya da sauran kayan ciki.

Sankara ta iya wayon riƙe wannan linzami, ta hana CD8 taɓa ta. A 1996 James Allison ya nuna cewa idan aka toshe CTLA-4 a jikin ɓera, sojojin kan afka wa ƙarin su narkar da shi. Daga nan aka samu allurar ipilimumab mai toshe CTLA-4 a 2011, sannan masu toshe PD-1, wato nivolumab da pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, a 2014. Allison da Honjo suka raba kyautar Nobel a 2018. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda muka sani da yaƙi da kurkunu a ƙauyukanmu, sankarar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa a 2015 yana da shekara 90. Aka yi masa tiyata da gashin sankara, aka ɗora shi a kan pembrolizumab, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100.

A lura, allurar ba ta kashe komai da kanta, ba ta kuma kawo ko soja ɗaya daga waje. Hannun da ke riƙe da linzami kawai take ɓamɓarewa.

Haɗuwarta da HIV ta faro a 2006. Ɗakin binciken Rafi Ahmed a Jami'ar Emory da ke Atlanta ya nuna cewa CD8 na ɓerayen da wata cuta ta daɗe a jikinsu sun galabaita, jikinsu cike da PD-1, kuma da aka toshe shi suka farfaɗo. A shekarar ce aka duba jinin masu HIV a Durban ta Afirka ta Kudu aka ga abu ɗaya: CD8 ɗin da ke yaƙi da HIV suna ɗauke da PD-1 mai yawa, kuma duk wanda nasa ya fi yawa, ƙwayar ta fi yawa a jininsa, CD4 ɗinsa sun fi ƙaranci. Jiki ne da kansa ya ja linzami, don ya ga yaƙin ya ƙi ƙarewa yana neman cinye garin.

A nan rikicin yake. Cutar da matsalarta yawan tashi ce, yaya za a yi maganinta da sakin linzami?

Da aka gwada a jikin birai

A 2009 Rama Amara da abokan aikinsa a Emory suka ɗauki makak 9 masu SIV, ba sa kan ARV, suka yi musu allurar toshe PD-1 sau 4 cikin kwana 10. CD8 masu yaƙi da ƙwayar suka ƙaru, sinadaran kariya suka ƙaru, yawan ƙwayar a jini ya sauka, biran kuma suka fi waɗanda ba a yi wa ba daɗewa a raye.

Abin da suka wallafa a 2012 ya fi ba ni mamaki. Kowa zai zaci sakin linzami zai ƙara hargitsi, sai ga shi ya rage shi. Alamomin tashin garkuwa a jini da hanjin biran suka sauka, LPS ya ragu a jini, sinadaran da ke liƙe ƙwayoyin bangon hanji da juna suka ƙaru, cututtukan hanji masu cin zarafin raunana suka yi sauƙi. Fassarar da ta fi kama hankali ita ce, akwai bambanci tsakanin garin da kowa ke guje-guje ba alƙibla da ƴan dakarun da suka san inda ɓarakar take. Da masu tsaron bango suka dawo aiki, tsiyayar ta ragu, makaɗi ya sassauta.

Ba kowane linzami ne ya ba da wannan sakamako ba. A 2008 wani rukunin masu bincike a Amurka ya toshe CTLA-4 a jikin makak masu SIV, sai tashin ya ƙaru, ƙwayar ta ƙara hayayyafa a hanji. A 2020 kuma aka toshe linzaman biyu tare a jikin biran da ke kan ARV: ƙwayar da ke barci ta motsa, amma da aka janye ARV ta dawo kamar ba a yi komai ba. Bincike na baya-bayan nan ya ƙara rage zumuɗi. Sojan da ya daɗe a galabaice, canjin kan zauna masa daram, allura ba ta mayar da shi saurayi. Wasu ƴan tsiraru ne masu sauran ƙarfi ke hayayyafa su cike fagen na ɗan lokaci.

Da aka zo kan mutane

Abin da ya hana ARV warkarwa shi ne maɓoya. Ƙwayar kan saƙa kanta cikin kundin halittar wasu CD4 masu dogon kwana, ta yi shiru. Magani ba ya ganinta, CD8 ba sa ganinta. An lissafa cewa sai an yi wata 44 kafin rabin wannan maɓoya ya ƙare, wato fiye da shekara 70 kafin ta ƙare duka. Idan aka ajiye magani, yawanci cikin mako biyu zuwa huɗu ta dawo jini. Tun 2009 aka gano cewa CD4 masu ɗauke da PD-1 sun fi sauran zama maɓoya, linzamin ma yana taimaka wa ƙwayar ta ci gaba da barci. Sai fata ya zama biyu: allura ɗaya ta tada mai barci, ta kuma saki mai kashe shi.

Likitocin wani asibiti a birnin Faris sun ba da labarin wani mai HIV da sankarar huhu da aka yi wa nivolumab, maɓoyarsa ta ragu sosai. Labarin ya zaga duniya a ƙarshen 2017, kuma ina zaton jikokinsa ne ke yawo a wayoyinmu yanzu. Mutum ɗaya ne. Da aka duba wasu masu irin halinsa, yawanci ba a ga haka ba. A 2019 Thomas Uldrick ya wallafa gwajin pembrolizumab a kan mutum 30 masu HIV da sankara mai nisa, duk suna kan ARV. Illolin ba su fi na sauran masu sankara ba, ko da yake mutum ɗaya ya rasu da wata rikicewa mai alaƙa da ƙwayar da ke kawo sankarar Kaposi. Da aka bi jininsu, an ga allurar tana ɗan motsa HIV daga barci, motsi kaɗan wanda bai kai ya share maɓoya ba.

Ga masu HIV da ba su da sankara kuwa, gwaji biyu aka soma a Amurka, duka ba su kai ƙarshe ba. Na farko mutum 8 ne, 6 aka yi wa allurar, 2 daga ciki CD8 ɗinsu suka ƙara kuzari. Aka tsaya saboda illar da aka gani a idon dabbobin gwaji, daga baya kuma ɗaya daga cikin mutanen ya samu matsala a wata halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki. Na biyu da wata allurar toshe PD-1 mai suna cemiplimab aka yi. Mutum 4 suka karɓa, ɗaya ya samu kumburin halittar nan ta wuya da ke kawo maƙoƙo, ɗaya hantarsa ta nuna alamun kumburi. Nan take aka rufe.

Dokin da aka cire wa linzami ba ya tambayar gonar wa zai shiga. Allurar kan sa runduna ta afka wa hanji, huhu, hanta, fata, wani lokaci ta jawo ciwon suga irin wanda sai da allurar insulin har ƙarshen rayuwa. A cikin masu sankara, mutum 1 zuwa 2 cikin 10 kan samu illa mai tsanani da allurar PD-1 ita kaɗai, idan aka haɗa ta da ta CTLA-4 kuma abin ya kan haura rabi.

Masana sun rabu a kan ci gaba. Wasu na cewa matsalar yawan maganin ce, an ba da awon masu sankara ga masu lafiya, don haka a rage shi ƙwarai, a yi na ɗan lokaci, a haɗa da wasu dabarun. Kamfanin AbbVie ya bi wannan hanya da wata allura mai suna budigalimab, kuma sakamakon farko da ya bayyana a 2023 ya nuna wasu daga cikin ƴan mutanen da aka gwada sun daɗe ƙwayar ba ta dawo da ƙarfi ba bayan an tsayar musu da ARV ƙarƙashin kulawar likitoci. Wasu kuma na cewa mai sankarar da ta bazu ba shi da abin asara, amma mai HIV da ke haɗiyar ƙwaya ɗaya da dare yana noma gonarsa yana da abin asara mai yawa, kada garin neman gira a rasa ido. Ni dai ina ganin a ci gaba da binciken, amma hujjar ɓangare na biyu ce ta fi nauyi a yau.

Lissafin Sakkwato daban ne

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na ƴan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da HIV, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya, Arewa maso Yamma kuma ita ce mafi ƙaranci da kashi 0.6. Ƙarancin yana da nasa sharrin: inda abu ya yi ƙaranci kunya ta fi yawa, mutane na ɓoyewa, suna zuwa asibiti a makare, bayan bango ya gama tsagewa.

Babban abin tsoro a nan tarin fuka ne. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu shi, shi ne kuma ya fi kashe masu HIV. Ga tarin fuka, linzamin PD-1 kariya ne. Ɓerayen da ba su da PD-1, da aka sa musu ƙwayar tarin, sun riga sauran mutuwa nesa ba kusa ba, don rundunarsu ta yayyaga musu huhu. A 2021 aka ga toshe PD-1 ya ƙara tsananta tarin a jikin makak, an kuma sha samun masu sankarar da tarin da ke kwance a ƙirjinsu ya tashi bayan allurar.

Sai ciwon hanta nau'in B, wanda binciken na 2018 ya samu a jikin kashi 8.1 cikin 100 na manya. Biyu daga cikin magunguna ukun da ke cikin ƙwayar ARV ɗin da ake kira TLD, wato tenofovir da lamivudine, suna danne shi shi ma. Mai ɗauke da cututtukan biyu idan ya ajiye magani, hantarsa na iya tashi ta kai shi kabari kafin HIV ta yi wani abu. Ƙari a kan haka, yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne a kan ƴan tsirarun maza a Amurka da Turai, masu wani reshe na HIV-1 da ake kira B, alhali a Najeriya reshen G da CRF02_AG ne suka fi yawa.

Kuɗi kuma ba a magana. Ƙwayar TLD ta shekara guda ta sauko ƙasa da dala 45 a 2023 a farashin da manyan masu tallafi ke saye, ana kuma ba da ita kyauta a asibitocin gwamnati. Zubi ɗaya na pembrolizumab ya haura dala 10,000 a farashin Amurka, kuma duk mako uku ake yi. Kuɗin zubi ɗaya zai riƙe mutum fiye da 200 shekara guda a kan ARV. A nan kam linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Abin da ke kwantar da runduna a yau

An taɓa gwada hutun magani a hukumance. Wani babban gwaji mai suna SMART ya raba mutum 5,472 gida biyu, wasu na sha kullum, wasu na ajiyewa idan CD4 ya hau. A farkon 2006 aka tsayar da shi, domin masu hutawa sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen rashin lafiya mai tsanani da mutuwa, har da ciwon zuciya da hanta da ƙoda waɗanda ba a zata ba. Da aka koma kan jininsu sai ga alamomin tashin garkuwa sun hau. A Gambiya an ga irin wannan ba da sunan bincike ba, lokacin da shugaban ƙasar na wancan zamani, Yahya Jammeh, ya ce a 2007 ya samu magani, ya sa mutane suka ajiye ARV, wasu suka mutu. A 2015 gwajin START, mai mutum 4,685, ya nuna fara magani nan da nan ba tare da jiran CD4 ya faɗi ba ya rage munanan cututtuka da mutuwa da kashi 57 cikin 100, abin da ya sa yanzu da an gwada an samu ake ɗora mutum a kan magani.

Sauran duk rage makaɗa ne: Septrin mai tare cututtuka ga wanda likita ya rubuta wa, maganin rigakafin tarin fuka, gidan sauro, maganin tsutsa da tsargiya, barin taba. A 2023 gwajin REPRIEVE, mai mutum 7,769 ƴan shekara 40 zuwa 75, ya nuna wani maganin rage kitsen jini mai suna pitavastatin ya rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da makamantansu da kashi 35 cikin 100 ga masu HIV, kuma ana ganin rage ruruwar jijiyoyin jini na cikin dalilan.

Mutum ɗaya ne zancen allurar ya shafa kai tsaye a yanzu: mai HIV da sankara ta kama. Ba su da kaɗan, domin sankarar bakin mahaifa ta ninka kusan sau 6 ga mata masu HIV, ga ta Kaposi, ga ta ƙululun kaluluwa. Da can ana cire irinsu daga gwajin magungunan sankara, yanzu hujja ta nuna HIV kaɗai ba dalilin hana su allurar ba ce idan irin sankararsu na jin ta. Wanda ya je sashen masu sankara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Gawon Nama, ko aka tura shi Abuja ko Masar ko Indiya, aka ambaci wannan allura, ya faɗa wa likita yana kan ARV ko da ba a tambaye shi ba. Ya nemi a duba masa tarin fuka, ciwon hanta da halittar maƙoƙo kafin zubin farko. Gudawa, tari ko kasalar da ta zo bayan allurar, ko da wata uku ne tsakani, asibiti za a kai ta ba kemis ba. Ranar zubin ma, idan dare ya yi, ya haɗiye ƙwayarsa ta TLD a lokacin da ya saba.